Wani Ɓarawo Mai Suna Aka

Ba zan faɗi sunana ba, domin mahaifiyata tana raye, kuma ta sha kunya iya shanta a kaina. Ku dai ku sani ni ɗan Fagge ne, a can aka yanke cibiyata. Babana tela ne, har ya koma ga Allah ba a taɓa jin ya riƙe wa wani ko ƙyalle ba. Ku samari nake rubuta wa wannan, musamman masu zuciya a kusa irin tawa.

Na tashi da kaifin ƙwaƙwalwa da daɗin baki, malamai suna yabona, a gida kuma ana alfahari da ni. Abin da ba a lura da shi ba shi ne ba na mantuwa. Idan ka harare ni yau, baɗi war haka zan iya gaya maka kalar rigar da ka saka a ranar. Ba na faɗa, ba na zagi. Murmushi nake yi in ajiye a ciki.

Satata ta farko ba yunwa ce ta sa ni ba. Wani Alhaji ne ya kawo ɗinki babana ba ya nan, ya jefo shaddar a kan tebur ko kallona bai yi ba, ya ce, "Kai ɗan tela, ɗauke wannan." Na ce, "To, Alhaji," har da rusunawa. Yana juya baya na sa almakashi na yanke abin da zai yi wa yaro riga, na sayar. Kuɗin ban ma tuna abin da na yi da su ba. Abin da na tuna shi ne daɗin da na ji ranar Juma'a, da na hango shi yana taƙama cikin babbar riga wadda ni kaɗai na san ta rage faɗi.

Daga nan hannuna ya saba. Wanda ya yi min gatse, canjinsa ya yi ƙafa. Wanda ya hana ni aron keke, ya nemi famfonsa ya rasa.

Da babana ya rasu, amininsa Baba Lasisi ya ɗauke ni aiki. Bayarabe ne, amma a Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa tsafta. Yana da shagon kayan keken ɗinki a kasuwa, inda telolin Fagge suke sayen allura da zare da kwarkwaro, wani lokaci har da keke sukutum. Ɗansa Rasaki kuwa tare muka yi firamare, kwano ɗaya muke ci, ko a gidansu ko a namu. Baba Lasisi bai bambanta mu ba, har makullin sito ya ba ni.

Ni kuwa na fara ɗiban allura kwali-kwali ina kai wa wani mai sayen kayan sata a yankin Bata. Wata rana da safe Baba Lasisi ya buɗe katan, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "An taɓa kayan nan." Bai kalle ni ba, bai kalli Rasaki ba. Da yamma ya ce, "Yarona, kawo makullin, zan riƙa ajiyewa a wurina, don a huta da zargi."

Na miƙa masa da hannu biyu ina murmushi, amma cikina yana ci da wuta. A wurina wannan tsohon ya raina ni. Me ya hana shi ya fito ya faɗa? Wato ni ban kai ma a tuhume ni ba? Ku dubi haukan: ni na yi satar, ni ne kuma nake jin an zalunce ni.

Ramuwar da na shirya ta ɗauki lokaci. Na saci littafin rasit na shagon, na buga hatiminsa a kowane shafi. Na bi telolin Fagge ɗaya bayan ɗaya, mutanen da suka yi zaman makokin babana, na ce musu Baba Lasisi yana da kwantenar injunan surfani a hanya daga Legas, da araha, za su iso kafin ɗinkin sallah, amma sai wanda ya ba da kafin alƙalami. Wa zai yi shakka? Ɗan amininsu ne yake magana, ga rasit, ga hatimi. Wani ya sayar da tunkiyar matarsa, wani ya ci bashi. Da azumi ya raba tsakiya na kashe waya na bar gari.

Ban yi nisa ba. Kuɗin haram ba su da nauyi a aljihu, kafin wani lokaci sun ƙare a otal da abokan banza. Na lallaɓo Kano, aka kama ni kusa da tashar jirgin ƙasa.

A kotu na musa komai. Na ce ban san rasit ɗin ba, ba rubutuna ba ne. Sai aka kira Rasaki. Alƙali ya miƙa masa takardun, ya duba, ya ce, "Rubutunsa ne, ranka ya daɗe. Na san shi tun muna firamare." Bai ko sunkuyar da kai ba. A nan cikin akwatin tuhuma na rantse a zuciyata cewa in dai na fito da rai, sai Rasaki ya tsaya a inda na tsaya.

Wannan rantsuwar ita ce abincina a gidan yari, ta fi gabza riƙe min ciki. Wasu suna ƙirga kwanakin fita don su ga 'ya'yansu, ni don in ga Rasaki da ankwa a hannu. Ko da labari ya iso ni cewa Baba Lasisi ya rasu, abin da na fara ji shi ne takaicin ya tafi bai ga abin da zan yi wa ɗansa ba. Allah ya yafe min.

Akwai wani aji da ake yi mana a ciki. Mai koyarwar wani tsohon malamin makaranta ne daga wajen Zariya, Malam Yohanna, ya yi ritaya ya ce zaman gida zai kashe shi. Gajere ne, ga tsokana, kullum da jan biro a bayan kunne. Ni ba karatu ya kai ni ba. Takarda da biro nake so, domin na fara tsoron kada tsawon zama ya sa in manta wani daga cikin waɗanda suka ɓata min.

Ranar da ya ce kowa ya rubuta abin da ya fi damunsa, na jera sunaye tun daga Alhajin shadda har alƙali, Rasaki a sama da layi biyu a ƙarƙashinsa. Malam Yohanna ya duba ya ce, "Wannan ai rajistar aji ce, ɗana. Ni labari na ce. Ka rubuta min abin da ya faru tsakaninka da kowannensu, daga farko har ƙarshe, kada ka tsallake komai."

Na ji daɗi. Na samu wanda zai karanta ya ga irin cutar da aka yi min. Na duƙufa ina rubutu har yatsana ya yi kanta. Da na miƙa masa, ya tafi da shi gida, ya dawo da shi duk ya sha jan biro. Ya tambaye ni ko na yarda ya karanta wani wuri a gaban aji. Na ce ya karanta, kowa ma ya ji.

Ya gyara tabarau ya karanta: "Da Baba Lasisi ya ƙwace makulli ya wulaƙanta ni, sai aka ɗauki littafin rasit. Aka zagaya wurin teloli, aka karɓi kafin alƙalami. Da azumi ya yi nisa aka kashe waya. Sai Rasaki ya je kotu ya tona min asiri, ya ci amanata."

Ya sauke takardar, ya leƙo ta saman tabarau, ya ce, "Ɗana, akwai abin da ban gane ba. Baba Lasisi na san shi a labarin nan, Rasaki ma na san shi. Amma wannan Aka ɗin, a wane ɗaki yake kwana? Shi ya yanki shadda, shi ya ɗebi allura, shi ya cuci teloli. Babban ɓarawon Fagge ke nan, kuma ga alama bai shiga hannu ba. Kai bawan Allah aka kamo a madadinsa."

Aji ya kece da dariya, har gandiroban da ke bakin ƙofa. Daga ranar sunana ya koma Aka. In cokali ya ɓata a ɗaki sai a ce a tambayi Aka. Ni kuwa ina komawa na ƙara suna ɗaya a jerina: Yohanna.

Don in ƙaryata shi na sake karanta rubutun, ba don in gyaru ba. Na ce zan nemo wuraren da na ce "na yi" in watsa masa a fuska. Na bi shafi-shafi. Na samu "na sha wahala," na samu "na yi haƙuri," na samu "na rusuna." Amma duk inda hannu ya shiga kayan wani, sai in ga na ɓace daga labarin, Aka ya shigo. Kowa yana da suna a laifinsa sai ni. Kuma ban yi da gangan ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Haka nake ba wa kaina labarin tun ina yaro.

Na ɗauki biro na ce bari in gwada. Na rubuta, "Na ɗauki littafin rasit." Wallahi sai da hannuna ya yi nauyi. Na rubuta, "Na karɓi kuɗin tunkiyar matar Malam Sabo." Da Aka ne ya karɓa, ban taɓa ganin fuskar Malam Sabo ba. Da na ce ni ne, sai ga shi a gabana yana kwance bakin zanen da ya ƙulle kuɗin, yana cewa Allah ya ji ƙan babanka.

Garin sake rubutun na gano abu na biyu, wanda ko Malam Yohanna bai ja wa layi ba. Kafin kowane "aka" akwai "ya raina ni." Alhajin shadda ya raina ni. Mai keke ya raina ni. Baba Lasisi ya raina ni. Hanyar ɗaya ce ba ta canzawa: in ji an raina ni, cikina ya ɗau zafi, in yi murmushi, in yi shiru, sai Aka ya fito aiki. Ashe ni ba ɓarawon kwaɗayi ba ne, mai ramuwa ne da ya samu sata a matsayin sanda.

Na kai wa Malam Yohanna, ina ɗan ɗaga kafaɗa don na gano abin da bai gano ba. Ya karanta ya ce, "Madalla. Yanzu ka san hanyar da yake bi ya shigo gida. Saura ka tsaya a ƙofa." Sannan ya nuna saman takardar ya ce, "Wannan mai layi biyun fa?"

Na ce, "Malam, wannan daban ne. Sauran na yarda ni na cuce su. Amma Rasaki ya ci tuwon uwata. Da ya ce bai gane rubutun ba, wa zai kama shi?"

Ya ce, "Wato laifinsa shi ne bai ce Aka ne ya rubuta ba."

Ban koma ajin ba sai bayan wani lokaci. Kada wani ya ruɗe ku, gane halinka ba shi ne barinsa ba. Na share sunaye da yawa daga jerin nan, har na Yohanna, amma na Rasaki kullum ƙara masa tawada nake yi. Na ma gama tsara yadda zan yi. Ni ba mai wuƙa ba ne. Wayar sata zan jefa cikin kayan shagonsa, in sa a tsegunta wa 'yan sanda. Ya shiga akwatin nan ya rantse bai sani ba, a ƙi yarda da shi, ya ji yadda ake ji.

Da aka sallame ni na tarar da Inna ta tsufa fiye da shekarun da na yi. Ta riƙe hannuna tana kuka, ta ce, "Ka dawo ke nan, ko?" Na ce, "Na dawo, Inna." Ta nuna min keken babana a lulluɓe da tsohon zani, ta ce ta hana a sayar. Ban ko ɗaga zanin ba. Bayan kwana kaɗan na nufi Bata, na nemo wani tsohon abokin harka, ya ba ni waya mai tsada wadda mai ita yake nema ruwa a jallo.

Da rana tsaka na shiga Sabon Gari, wayar tana aljihuna a kashe. Hujjar zuwana ma ta mugunta ce, na ce ta'aziyya zan yi. Sai da na wuce shagon na dawo, don ban gane shi ba. An raba shi biyu, rabi wani mai robobi ne a ciki. Babu keke ko ɗaya a gaba, sai zare da allura da 'yan tarkace.

Rasaki ya ɗago ya gan ni. Ya rame, furfura ta fito masa a gemu. Ya amsa sallamata ya turo min benci da ƙafa.

Na ce, "Ya haƙuri? Allah ya ji ƙan Baba, ya sa ya huta."

Ya ce, "Amin. Haƙuri ya zama dole, Ɗan Tela."

Ina murmushin nan nawa, idona yana kan wani katan na zare a buɗe a ƙarƙashin kanta. Na ce, "Jinya ya yi?" Don dai in ja zance.

Ya ce, "Ba a gaya maka ba? Teloli sun cika nan kamar za su cinye mu. Lauya ya ce ba dole ne mu biya ba, tunda ba mu muka karɓa ba. Baba ya ce hatiminsa ne a jiki, kuma mutanen nan don shi suka yarda. Ya sayar da gidanmu na Fagge da rabin shagon nan, ya biya kowa. Bayan nan ɓarin jikinsa ya shanye." Ya ƙara da cewa, "Ka san abin da har yau yake ci min rai? Har ya rasu bai kira sunanka ba. Duk wanda ya zo dubiya ya fara zaginka, sai ya ɗaga hannun da ke motsi ya ce, ‘An yi mana ɓarna, Allah ya shirya wanda ya yi.’ Ranar da na dawo daga kotu kuwa ƙin cin abinci ya yi, wai na tona wa ɗan amininsa asiri. Tun ranar allurai ya sani. Ya karɓe makullin ne don kada ka ƙara, kuma kada a ji."

Kafin in ce wani abu wata mata ta tsaya a bakin shagon tana neman bel ɗin keke. Rasaki ya hau kujera ya juya min baya yana lalube a saman kanta. Ga katan a buɗe kusa da gwiwata. Abin da na yi shekaru ina jira ke nan.

Kada ku ɗauka maganarsa ta narkar da ni. Zuciyata cewa take yi, ka ji, har yanzu gori yake maka, ya raina ka. Na zaro wayar. Hannuna ya kama hanyar katan, kuma a cikin kaina na riga na fara shirya yadda zan ba wa Inna labari: ai kin ji, aka samu wayar sata a shagon Rasaki, aka kama shi.

Aka samu. Aka kama.

Na ji shi sarai, kamar Malam Yohanna yana tsaye a bayana da jan biro. Ga rainin, ga zafin ciki, ga murmushin har yanzu a fuskata, ga Aka kuma ya iso bakin ƙofa. Kalmar da na ɓuya a bayanta duk rayuwata, ita ce tsohon nan ya lulluɓe ni da ita har ya shiga kabari. Shi ya ce "an" don ya rufa min asiri, ni kuma ina shirin cewa "aka" don in ɗaure ɗansa.

Na ɗora wayar a kan kanta, a fili. Da Rasaki ya sauko na ce, "Ba an yi muku ɓarna ba ne, Rasaki. Ni na yi. Ni na saci rasit, ni na karɓi kuɗin, ni na sa Baba ya sayar da gida."

Ya ce, "Na sani. Abin da na faɗa a kotu ke nan."

Na ce, "Wannan wayar ma ta sata ce. Ni na kawo ta, don in jefa a katan ɗin nan in sa a kama ka."

Matar nan ta dafe ƙirji tana salati. Rasaki ya kalli wayar, ya kalle ni. Ya ce, "A bakin ta'aziyyar ubana? Ɗauki kayanka ka fita. Fita, kafin in manta ɗan waye kai."

Na ɗauka na fita. Ban ji sanyi a zuciya ba. Na wuce kai tsaye wurin mai unguwarmu na ba shi wayar, na gaya masa inda na samo ta da abin da na yi niyya. Sai da aka kai ni ofishin 'yan sanda na yi bayani, kuma mutanen Bata har yau in sun gan ni tofar da yawu suke yi. Da na koma gida a ranar na yaye zanin da ke kan keken babana.

Yanzu ɗinki nake yi a Fagge. Wasu telolin suna amsa gaisuwata, wasu ba sa amsawa, kuma suna da gaskiya. Rasaki yana amsa sallama, daga nan ba ya ƙarawa. Ban nemi ya ƙara ba. Gidansu ba zai dawo ba don na iya cewa "ni."

Halina kuma bai mutu ba. Ko a satin nan wani ya jefo min yadi a kan tebur yana waya, ya ce, "Kai, zuwa jibi." Cikina ya ɗau zafi, na ji murmushin yana zuwa, ga almakashi a kusa. Na bari ya tafi, na jawo takarda na rubuta abin da ya faru da abin da nake son yi, da sunana a jiki. Da na karanta sai na ga wani ƙaton mutum mai gemu yana shirin cutar wani don bai ce masa sannu ba. Na auna yadin na ɗinka masa cif.

To, samari, shawarata ba ta da tsada. Duk ranar da kuka ji wani ya ɓata muku har kuna tsara yadda za ku rama, ku sami takarda ku rubuta labarin tun daga farko, kada ku tsallake komai. Ku rubuta na bara ma, da na bara waccan, ku jera su ku ga inda suka yi kama. Sannan ku bi layi-layi, duk inda kuka ga "aka," ku tsaya ku tambaya a wane ɗaki yake kwana. Ku yi wannan tun kuna gida, kada ku bari sai gandiroba yana tsaye a bakin ƙofa.

Na yi shekaru ina neman wanda ya lalata min rayuwa don in rama, kuma na same shi. Ban yafe masa ba, ba kuma zan yafe ba. Ramuwar da nake yi masa ita ce duk inda ya ɗago kai, in kira shi da sunan da babana ya raɗa min.